Jiniyar Goma da Rabi

Seko Tokuji bai iya jira ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Da bakinsa yake faɗa, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Taliyar kofi da aka rubuta a jikinta a jira minti uku, a minti ɗaya yake buɗe ta, ya ci tana ƙaras-ƙaras. Jirgin fito bai gama ɗaure igiya ba ya riga ya dira, sau biyu yana faɗawa ruwa tsakanin jirgi da gaɓa. Ajinmu ɗaya da shi tun daga firamare har muka gama sakandare, ban taɓa ganin ya kai ƙarshen jarrabawa a zaune ba. Yakan ci, amma yakan bar shafin ƙarshe bai ma juya ya gani ba.

Shekara arba'in ya yi a birnin Nagoya yana gyaran na'urorin masana'antu. Matarsa ta rasu, 'yarsa ta yi aure a can, sai ya dawo tsibirinmu yana da sittin da takwas, ya tare a ɗakin baya na gidan yayarsa Kinue. Ita ce ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana aji biyu, Kinue ta bar makaranta ta shiga nutso, da kuɗin awabi, wani dodon koɗin teku mai tsada da take ɓamɓarowa daga jikin duwatsu, aka yi masa karatu. Ba sa maganar wannan. Abin da suke yi shi ne faɗa, safe da yamma, a kan miya, a kan takalmi, a kan wa ya bar taga a buɗe. Har ya tsufa Auta take kiransa.

Lokacin da nake ba da labari Kinue na da saba'in da tara, ita ce babba a cikin masu nutso goma sha ɗaya da suka rage mana. Ni, Fusa, na daina tun da gwiwoyina suka ƙi. Aikina hura wuta a bukkar masu nutso da ke bakin teku, in kula da ita har su fito su ji ɗumi.

Ƙa'idar nutson awabi a nan ba ta da yawa. Da safe Sumie, shugabar masu nutso, ta dubi teku. In ta ɗaga farar tuta, ƙarfe tara a shiga. Goma da rabi jiniya ta yi kuka, kowa ta fito. Ba a shiga ruwa da agogon hannu. An gwada a zamanin iyayenmu, sai aka lura duk ranar da awabi ya yi yawa agogon kowa makara yake yi. Daga nan aka bar wa jiniya hukunci. Tana kan wani dogon ƙarfe a saman katangar teku, matakala sittin da biyu daga bukka, kuma tsoho Genzo ne ya shekara talatin yana hawa yana danna ta. Da ya mutu a hunturun nan aka rasa mai hawa. Mazan da suka rage ko suna cikin jirgi a wannan lokacin, ko sun fi ni lalacewa.

Tokuji ya ce a bar masa. Abin da ya haɗa bai fi tafin hannu ba, 'yar kwamfuta tsirara, koriya, ya saka ta a tsohon akwatin abincin rana na roba, ya ja waya daga bukka har gindin jiniya. Ya kawo akwatin intanet ya ajiye a bukka kusa da 'yar kwamfutar. Ya yi mana bayanin da ba mu nema ba: wai 'yar kwamfutar ba ta da agogo mai batir a jikinta, kuma ba ta buƙata, domin ta intanet take tambayar wasu manyan agoguna da ba sa kuskuren ko ƙiftawar ido. Mai gyaran lantarki ya ce sai bayan mako uku zai tsallako ya sa masa soket. Tokuji bai jira ba, ya sami inda ya soka abinsa a bayan tarin itace. Ban duba ba.

Aka buɗe nutso ran sha takwas ga Maris. Mako biyu jiniya na kuka goma da rabi daidai, Tokuji yana yawo a tashar jirgi yana tambayar mutane ko sun saita agogonsu da ita.

Ran ɗaya ga Afrilu muka je wurin bauta na kan dutse da sassafe, kamar yadda muke yi kowace ɗaya da sha biyar ga wata, muka zuba shinkafa da giya, muka dawo suka sa rigunan roba suka shiga. Goma da rabi ta yi a agogon bango, shiru. Na ɗauka agogon bangon ne ya yi gaba. Sai sha ɗaya da minti goma jiniya ta yi kuka. Matan suka fito da raga cike, suna dariya, suna cewa akwatin Tokuji ya fi Genzo tausayi. Kinue ba ta yi dariya ba, haƙoranta ne ke haɗuwa. Ruwan Afrilu ba ya wasa da mai saba'in da tara.

Tokuji ya shigo da gudu. Bai tsaya duba komai ba ya zare wayar 'yar kwamfutar ya mayar. Ta farfaɗo, ya jona mata ɗan allonsa, lokaci daidai har daƙiƙa. Ya ce lafiyarta lau, wataƙila intanet ne ya ɗan yi tuntuɓe.

Ran sha biyar ga Afrilu ya tafi asibiti a babban gari, sai a jirgin sha ɗaya da rabi zai dawo. Goma da rabi ta wuce, shiru. Na ba ta minti goma, sannan na bar wuta na kama matakala. Da hannu da gwiwa na hau, ina zaginsa a kowace taka, na danna jiniya sha ɗaya da minti biyar. Goma suka fito da ƙafarsu. Kinue aka samu rungume da bahonta na katako, wanda take zuba awabi a ciki, a bakin duwatsu, ta kasa hawowa. Mata biyu suka ciccibo ta. Leɓenta ya yi shuɗi, hannunta ya ƙi sakin ƙarfen ɓamɓara, sai da muka buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a gaban wuta.

Yana sauka daga jirgi aka gaya masa. Ya shigo, ya dubi yayarsa, ya juya ya zare wayar nan ya mayar. Lokaci daidai.

A ranar muka ji abin da likita ya ce masa. Zuciyarsa ce, za a yi masa aiki ran ashirin ga Mayu, kuma aƙalla wata biyu ba zai ga tsibiri ba. Nutso kuwa sai Satumba ake rufewa.

Ya roƙi Kinue ta huta bana. Ta ce ya huta shi. Ya ce to ta riƙa fitowa da wuri, in ta ji sanyi ya fara shiga. Ta ajiye kofinta.

"Auta, tun ina da sha takwas ban taɓa fitowa kafin jiniya ba. Wadda ta fito kafin jiniya, tata ta ƙare, kowa ya sani. Kai ka ce a bar maka. Gyara akwatinka, ka bar min ruwana."

Daga nan bai sake zama ba. Duk ranar da tuta ta tashi yana saman katanga tun goma da kwata, agogo a hannu, yana haki, duk da likita ya hana shi matakala. Kuma duk ranar akwatin yakan riga shi, jiniya ta yi kuka a kan kansa daidai lokaci. In ya sauko sai ya afka wa akwatin. Ya canja katin ajiya da ke cikin 'yar kwamfutar. Ya canja wayar wuta. Ya canja manyan agogunan da take tambaya, daga na Tokyo zuwa wasu, ya sake dawowa na Tokyo. Ya kira kamfanin intanet har yarinyar da ke ɗauka ta san muryarsa, ta ce masa layinsu bai yanke ko sau ɗaya ba a watan. Ya zargi gishirin iska, ya shafe komai da burushi. Ya zargi hayaƙina. Ya zargi ɓeraye, ya kafa tarko, ya kama babban yatsansa. Abu bai lalace ba, yana ta gyara shi.

Abin da ya fi cin ransa shi ne ba shi da shaida. 'Yar kwamfutar na rubuta duk abin da ta yi, amma shi da kansa ya hana ta ajiye rubutun a kati don kada katin ya gaji, saboda haka da an zare waya komai ya goge. Na tambaye shi me ya hana ya bar ta ta ajiye yanzu. Ya ce ya yi niyya, sai wani tunani ya zo masa ya bi shi.

Sumie ce ta lura ranakun biyu duk ranakun bauta ne. Wasu suka fara cewa abin da ke kan dutse ne ba ya son akwatin. Tokuji ya ce shirme, amma ran ɗaya ga Mayu tun shida yana bukka, ya ja kujera ya sa akwatin a gaba. Maza ba sa bin mu wurin bauta, sai muka bar shi a nan muka tafi. Muka dawo yana nan, yana ta kaɗa ƙafa. Goma da rabi jiniya ta yi kuka daidai. Na ga mutumin da abinsa ya yi aiki ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

"Ni take tsoro," ya ce. "In ina nan ba ta yi. Fusa, kwana goma sha tara suka rage min."

Na ce masa ni ma in yana nan ba na iya komai, ya ɗaga ƙafarsa daga kan itacena.

Ya rame a makonnin nan. Kinue ta ce min shinkafarsa ma a tsaye yake ci, da cokali a hannu ɗaya, littafin na'ura a ɗaya. Ya yi maganar ɗage aikin zuciyar, 'yarsa ta kira daga Nagoya ta yi masa tas. Ya je gidan kowane namiji da ke iya tafiya yana neman mai hawa katanga, ya sami alkawari biyu, duka daga mutanen da ba sa tuna ranar da ake kwashe shara.

Ran sha biyar ga Mayu ya sake zuwa tun shida ya zauna gadi. Bakwai saura sai ya ji ƙahon jirgin safe, ya tuna ya yi odar wata sabuwar waya, ya miƙe ya fita, wai minti biyar. Matan sun riga sun kama hanyar dutse. Na duba bukka ba kowa, na rufe wuta da toka, na zare babban fulogi na bango, na ja ƙofa na bi su. Da muka dawo na mayar da fulogi, na ɗora ruwan shayi. Suka shiga ruwa ƙarfe tara.

Jirgin bai zo da wayarsa ba, ya tsaya rigima da ma'aikacin tasha, ya bi shi har ofis, ya kira kantin. Sai wajen goma ya shigo. Ya jona allonsa, ya dubi lokaci, ya dubi agogon hannunsa. Akwatin yana baya da minti arba'in da ɗaya. Hannunsa ya tafi wajen wayar.

Muciyar wuta ce a hannuna, na buga masa a bayan hannu. Ba a hankali ba.

"Sau biyu kana zare wannan abin kana ce mana lafiyarsa lau. Wane likita ne ke kashe mara lafiya ya tashe shi kafin ya tambaye shi ina ke ciwo? Zauna ka dube ta tana cikin ciwonta."

Ya kira ni tsohuwar banza, amma ya zauna. Ya buɗe rubutun, yana karantawa yana fassara min da ƙarfi, ba don ni ba, don bai iya karatu shiru ba. 'Yar kwamfutar ta farka. Ba ta san ƙarfe nawa ba, sai ta ɗauki lokacin ƙarshe da ta tuna ta ci gaba daga nan. Cikin daƙiƙa ashirin ta nemi manyan agoguna su gyara mata, ba wanda ya amsa, domin akwatin intanet shi sai ya yi minti uku kafin ya gama farkawa. Wannan tambayar ta farko ita kaɗai aka yarje mata ta yi babban tsalle. Da amsa ta zo daga baya, sai ta ga bambancin ya wuce minti goma sha bakwai, kuma an gina ta ne ta ƙi yarda da gyara mai girman haka. Ta ɗauka manyan agogunan ne suka haukace, ta daina tambaya, ta ci gaba da ƙirga nata. Shi kuwa duk lokacin da ya zare wayarta ya mayar, akwatin intanet ya daɗe da farkawa, tambayar farko takan sami amsa nan take.

Ya ɗago a hankali. Ya ce abu ɗaya ne bai gane ba, me ya sa ta farka, tunda ba a ɗauke wuta ba yau.

Na ce ni na zare fulogi.

Ya tambaye ni wane fulogi. Na nuna masa na bango, wanda doguwar waya mai baki shida ke fita daga gare shi ta bi bayan itace, inda muke sa tukunyar shayi da rediyo. Ya ture itacen. Ga akwatinsa da na intanet, duka biyun a soke a nan.

"Wa ya ce ki taɓa? Wata biyu ina neman kashe kaina, ke kina nan kina zare min wuta kamar mai cire ciyawa."

"Ɗaga kanka, sarkin ilimi."

A saman kansa allon katako yake, tun shekarar da tsohuwar bukka ta ƙone da rigunan mata ashirin a ciki. An rubuta da manyan baƙaƙe: wadda ta fita ƙarshe ta rufe wuta, ta zare fulogi. Bukka ba ta zama ba kowa sai ranar bauta. Sauran ranaku ina ciki, da yamma kuma mijin Sumie na kwana a ɗakin gefe yana gadin kaya, shi ya sa ba a zarewa. Na ce masa wata biyu yana shiga yana fita a ƙarƙashin allon nan, ya karanta littafi mai shafi ɗari uku, bai karanta layi ɗaya na sama da kansa ba. Ya ce da na gaya masa. Na ce da ya gaya min inda ya soka.

Muna cikin wannan na dubi bango. Goma da minti ashirin da takwas, akwatin kuma a ganinsa goma ba ta yi ba.

Na nuna masa da muciya. Ya fita. Daga ƙofa nake kallonsa a kan matakala, mutumin da za a buɗe wa ƙirji nan da kwana biyar. Ya tsaya sau uku. A na ukun ya durƙusa, na ɗauka shi ke nan, sai ya kama ƙarfen gefe ya ja kansa. Goma da minti talatin da huɗu jiniya ta yi kuka. Kinue ta fito da ƙafarta, ta ce ruwan yau da daɗi, ta tambaya me ya sami Auta yake kwance a saman katanga kamar busasshen kifi.

Da yamma ya nemi Sumie ta soke dokar fulogi. Ta ce a'a, ni ma na ce a'a. Bai yi gardama sosai ba. Washegari ya tsallaka da kansa ya sayo ɗan agogo mai batir kamar maɓallin riga, ya dasa a jikin 'yar kwamfutar, don ko an ɗauke wuta ta farka da sanin lokaci. Ya gyara ta yadda za ta jira akwatin intanet, ta kuma yarda da gyara komai girmansa. Ya sa ta riƙa ajiye rubutunta. Sannan ya sa ni zare fulogi in mayar. Sau goma sha huɗu na yi a kwana biyu, wani na minti biyar, wani na awa uku, yana tsaye yana cizon farce har ta farka. Duk ta tashi daidai. A na goma sha biyar na ce ya zare da kansa, bayana ba na kamfani ba ne.

Na ɗauka zai huta. Bai huta ba. Ya ce batir na mutuwa, waya na tsatsa, kuma abin da ya ɓoye masa wata biyu zai iya samun ƙane.

Ran sha tara jirgin rana zai ɗauke shi. Teku ta yi kyau, tuta ta tashi, jiniya ta yi kuka a lokacinta. Ya jira Kinue ta tafi gida ɗauko masa jakarsa, kuma wannan ne jira mafi tsawo da na ga ya yi. Tana ɓacewa a kwana ya shigo bukka, mu goma sha ɗaya muna zaune a bakin wuta. Ya ciro agogon hannunsa, irin wanda ruwa ba ya shiga, ya ajiye a gaban Sumie. Ta ce ya san doka. Ya ce ya sani, ya karanta allon duka yanzu, har layin ƙasa. Bai zauna ba, jirgi ya riga ya yi ƙaho.

"Ba don awabi ba ne. Ke ki ɗaura shi a cikin hannun riga, kada yayata ta gani. Duk ranar da goma da rabi ta wuce da minti biyar ba ku ji komai ba, kada ku tsaya ce mata ta fito, ba za ta fito ba. Wadda ta fi kusa ta kama igiyar bahonta ta ja ta zuwa gaɓa. Za ta zage ku har kakanninku. Ku ce Auta ne ya sa ku, ta ajiye zagin in na dawo ta ba ni."